Telan Dutse da Alƙaliyarsa

Bai taɓa riƙe allura ba a rayuwarsa, ko maɓallin riga ne ya cire sai ya miƙa wa matarsa. Amma duk wanda ya san shagon yankan dutsen da ke bayan layin masu tayil, da Tela ya san shi. Direban shagon ne ya laƙa masa sunan, wai tunda shi ke ɗinke dutse da dutse har a rasa bakin ɗinkin, ai tela ne, keke kawai ya rasa. Sunan ya bi shi, har ya kai in baƙo ya tambayi sunansa na gaskiya sai mai shagon ya tsaya yana sosa ƙeya.

Da ƙuruciyarsa daɓen tarazo yake gogewa, gwiwa a ƙasa tun safe har yamma, ruwan siminti ya tsattsaga masa tafin hannu. Daga nan ya koma wajen masu aikin dutsen mabul. Yana can aka fara shigo da dutsen da ake kira kwaz. Shi ba daga tsauni ake fasa shi ba, garin dutse ne ake kwaɓawa da gam da launi, a matse a masana'anta, ya fito falle-falle kamar ƙofar gareji. Masu gina gidaje suka yi masa caa. Wannan na so a shimfiɗa mata a saman kabad ɗin kicin, wancan na so a teburin cin abinci, wani ma a kantar shagonsa. Sai dai falle ɗaya ba ya zagaye kicin. Dole a yanka, a kai kusurwa, a haɗa biyu ko uku. To wannan mahaɗar ita ce gonar Tela.

Yana da wani akwatin katako mai hannu ɗaya, a ciki ƙananan kwalabe na garin launi a jere. In masu ɗauka sun gama nishi sun ajiye fallayen baki da baki, sai su ja gefe. Shi kuma ya durƙusa, ya daɗe yana kallon dutsen kamar mai karanta wasiƙa, sannan ya zuba gam a kan guntun tayil, ya dangwali launi da tsinin wuƙa, ya juya, ya kara da dutsen, ya ƙara ɗigo. Sai ya gamsu yake sa maganin daskarewa, domin da zarar an sa shi, minti biyar ne, ko ka yi ko ka ɓata. Ya cusa, a matse, ya kankare da reza. Bayan nan ya kira matar gida.

"Ranki ya daɗe, nemo mini inda na haɗa."

Ta duba nan, ta duba can, ta bi da yatsa, ta ce kai, ashe falle ɗaya ne. Ba ya dariya. Akwatinsa kawai yake rufewa a hankali, ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Iyakar fankamarsa ke nan a duniya.

A gida kuwa ba shi da ta cewa a kan launi. Matarsa zare da maɓallai take sayarwa a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofarsu, wanda aka fasa wa taga ta fuskanci titi. Telolin unguwa, na gaske masu keke, su ke zuwa da ƙyalle a hannu, ta kalla sau ɗaya ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba ta zaro zaren da ya dace. A wurinta babu wani abu wai shi fari kawai. Akwai farin madara, akwai farin ɓawon ƙwai, akwai farin toka, akwai farin haƙorin tsoho. In ya sayo mata yadi sai ta ɗaga shi a rana ta yanke masa hukunci, shi ya sa yake kiranta Alƙaliya. Ita kuma Malam take ce masa, in ta so tsokana ta ce Malam Tela marar almakashi. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure a wani gari mai nisa inda take koyarwa, shi ya sa tun tana zuwa hutu suke ce mata Malama. Gidan ya rage su biyu da rediyo.

Abin ya fara ne a wani gida mai hawa biyu, a kicin ɗin da komai nasa fari ne, da wani dogon teburi a tsakiya. Tela ya yi aikinsa kamar kullum, ya koma shago. Washegari da hantsi mai shago ya ce ya zo su koma tare. Suka tarar da matar gidan tsaye, hannu a ƙugu.

"Ku duba mini wannan. Kamar an ja layi da man shanu."

Tela ya sunkuya. Ya duba ta dama, ya zagaya ya duba ta hagu. Ya ce a buɗe taga, aka buɗe. Shi dai fari yake gani shimfiɗe daga wannan baki zuwa wancan.

"Ina ne, ranki ya daɗe?"

Ta zaci rainin wayo ne, ta ɗaga murya. Mai shago ya ba ta haƙuri, ya ce za a kankare a sake. Direba ne, da ke tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota, ya matso ya kama yatsan Tela ya ɗora a kan wurin, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan, ɗan'uwa. Ya yi rawaya sosai." A hanyar komawa kuwa, Direba, da bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza, ranar rediyo ya kunna.

Da Tela ya isa gida bai cire takalmi ba ya zauna a kan benci a ɗakin zare. Ya ce, "Alƙaliya, ba ni farin zare guda biyu, waɗanda ba iri ɗaya ba." Ta dube shi, ta miƙo. Ya kai su bakin taga, ya jera a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Kin tsokane ni ne? Ai iri ɗaya ne."

Ta karɓi zaren ta mayar, ta rufe tagar alhali rana ba ta faɗi ba, ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "Wata uku ke nan kana sa safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Na ɗauka gaggawa ce."

Likitan ido ya ɗiga masa magani, ya haska, ya juya kujerarsa ya yi musu bayani a natse. Ciwon sugan da Tela ya daɗe yana wasa da shi ne ya taɓa can bayan idon. Za a yi ƙoƙari a rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Launi ne zai fara gudu, musamman masu kama da juna, sauran kuma sai yadda Allah ya yi. Tela ya tambaya ko akwai tabarau. Likitan ya girgiza kai.

Kwana uku Tela bai je shago ba. Ran na huɗu da safe ta ajiye masa shayi, ta ce, "Malam, hannun naka ma ciwon ya taɓa?"

"A'a."

"Hancin fa? Ka daina jin lokacin da gam ya fara kamawa?"

"Ina ji."

"To ido ne kawai babu, kuma ga nawa biyu suna zaman banza. Ka riƙa kawo mini guntun dutsen kowane aiki."

Haka aka yi. Duk aikin da za a fita gobe, sai Tela ya tsinci ɓallin dutsen a ƙarƙashin injin yanka ya jefa a aljihu. Da sassafe, kafin telolin unguwa su fara ƙwanƙwasa taga, su shimfiɗa jarida a bakin ƙofa inda haske ya fi kyau. Shi ke juyawa, ita ke hukunci.

"Ƙara toka. A'a, Malam, ka cika hannu, wannan ai ka mai da shi sararin sama kafin ruwa. Sa madara kaɗan. Tsaya. Ɗaga in gani. Yauwa."

Sai ya juye a kwalba ya rufe, ba a sa maganin daskarewa ba sai an je wurin aiki. Da farko faɗa suke yi kamar masu rabon gado. Ya ce shekara ashirin yana wannan sana'a, ta ce ita kuma shekara talatin tana gyara masa kuskure, wannan ne kawai aka fara yi a kan jarida. Daga baya suka saba, har ta laƙanci halin gam, ta gane yana ɗan duhu in ya bushe, ta riƙa barin launin ya ɗan fi dutsen haske. Tsawon rayuwarsu ba su taɓa zama wuri ɗaya suna aiki ɗaya ba sai a wannan lokaci. Ya taɓa gaya wa Direba cewa da ya san haka take da daɗin aiki, da tuni ya makance. Direba ya ce ya tofar da yawu.

Direba kaɗai ya sani, ko kuma haka suka zata. Shi ke tsayawa kusa da shi a gidajen mutane, yana yi kamar yana riƙe masa fitila, yana raɗa masa in gam ya zarce gefe. Akwai dutse mai jijiyoyi, wanda layin toka ko na ruwan zinariya ke ratsa farinsa, shi kuma kwalba ɗaya ba ta isar sa, sai an bi kowace jijiya da nata launin. Irin wannan aikin sai Alƙaliya ta rufe taga ta shiga gaban mota da kwanon abinci a cinya, a ce ta kawo wa mijinta abincin masu suga ne. Ta shiga kicin ɗin da ya fi gidansu duka girma, ta tsaya a bayansa tana cewa, "Malam, ka ci a hankali," wato ya rage baƙi, ko "Malam, akwai ƙari," wato ya ƙara. Wata matar gida ta taɓa cewa ba ta taɓa ganin mace mai kula da cikin mijinta haka ba. Sai da suka shiga mota suka yi dariya har Direba ya kusa hawa kan kwalbati.

Shekara biyu da rabi suna haka. Wata rana mai shago ya kira Tela ofis, ya tura masa wani kwali. A ciki wasu robobi ne dogaye kamar na man goge baki, kowace da lamba.

"Baba Tela, masana'anta ce ta fara aiko da gam ɗinta. Kowane dutse da lambarsa, launin a haɗe yake. Ka sa a bindigar gam ka matsa, shi ke nan."

Tela ya shafa robar, ya ce, "To."

"Ba korar ka nake ba. Sabon aiki masu ɗauka za su riƙa haɗawa da kansu. Kai kuma gyara: inda tukunya ta ƙona, inda baki ya ɓalle, tsofaffin duwatsun da ba su da lamba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka gaida Mama. Ka ce mata aikin gidan likitan haƙori ya yi kyau ƙwarai."

Tela ya ɗago kai. Mai shago ya mai da idonsa kan takardun gabansa. Ashe ya daɗe da sani.

Aiki ya ragu ya koma sau ɗaya ko biyu a mako. Idon ma ya ci gaba da ja da baya, fuskokin mutane suka zama kamar ana kallon su ta gilashin da ya yi raɓa. Bai yi ƙorafi ba. Yakan zauna a ɗakin zare yana miƙa mata abin da ta nuna, telolin unguwa suna tsokanar sa wai a ƙarshe dai ya dawo gidan sana'arsa.

Ran wata Talata da azahar, tana miƙa wa wani tela maɓallai, sai suka zube daga hannunta suka watse a ƙasa. Tela ya ji ƙararsu, ya ce, "Alƙaliya, yau ke ce da ɓarna?" Ba ta amsa ba. Ya ji benci ya goce, ya ji telan yana salati. Kafin a kai ta asibiti ɓarin jikinta na dama ya saki, harshe ya karye. Ta yi mako uku a can, aka dawo da ita gida a kujera mai taya. Idonta garau, tana bin kowa da kallo, tana gane komai, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ita kanta take jin kunyarsa, ta yi shiru.

Malama ta zo ta yi wata guda, makaranta ta kira ta, ta koma tana kuka. Tela ya karɓi jinya. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan zafi ba ya koyi dama koko da lalube, ya koyi juya ta a gado, ya koyi taje mata kai. In ya sa mata ɗankwali a karkace sai ta ja masa hannun riga da hagunta, ya ce, "To, to, an ɗaukaka ƙara," ya gyara. Tagar zare ta zauna a rufe. Shi da ya saba ita ke magana yana amsawa da "uhm", yanzu shi ke surutu daga safe har yamma, yana ba ta labarin gidajen da ya yi wa aiki tun zamanin tarazo, don kada ɗakin ya yi shiru.

Cikin wata na biyar Direba ya zo da wani ɓallin dutse a hannu. Ya ce wata dattijuwa ce ta zo shago, teburin da marigayin mijinta ya saya mata ne jikokinta suka ɓalle wa kusurwa. Kore ne mai duhu da ɗigo-ɗigo, an daina yin irinsa, ba shi da lamba. Masu bindigar gam sun gwada sun kasa.

"Na ce mata ba ka fita yanzu. Amma na ce bari dai in faɗa maka."

Tela ya buɗe baki zai ce a ba ta haƙuri, sai ya ji an ja masa riga. Ya juya. Alƙaliya ta sake ja, da ƙarfi.

Washegari da safe ya tura kujerarta bakin ƙofa, ya shimfiɗa jarida a kan cinyarta, ya jera kwalabe. Ya ce, "Ga yadda za mu yi. In na ɗaga kwalba, in ita ce ki matsa hannuna sau ɗaya. In na cika, ki mintsine ni, dama kin iya." Suka fara. Aikin da a da ba ya wuce minti goma ya kai su har rana ta take tsaka. Sau biyu yana zubarwa a sake. Gumi ya jiƙa mata goshi, ya ce a bari sai gobe, ta mintsine shi. Can ya ɗaga guntun tayil kusa da dutsen, ya jira. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta kama hannunsa ta riƙe, ba ta saki ba.

Direba ya kai shi gidan dattijuwar. Tela ya gina kusurwar da yatsunsa, ya jira ta kama, ya goge da samfefa mai laushi har ya ji santsinta ya zama ɗaya da na teburin. Dattijuwar ba ta gida, 'yar aikinta ce ta buɗe musu, don haka babu wanda ya kira ya nemo mahaɗa. Ya tambayi Direba, "Ya yi?" Direba ya ce, "Ya yi." Da ya dawo gida ya gaya wa Alƙaliya, ta lumshe ido.

Bayan kwana goma sha tara ta rasu, da hantsi, yana tsakiyar ba ta labarin wani maigida da ya sa aka sake masa teburi sau uku saboda kyanwarsa ba ta son launin. Sai da ya kai ƙarshen labarin, bai ji ta ja masa riga ba, sannan ya gane.

Bai sake komawa shago ba. Malama da mijinta suka zo suka kwashe shi zuwa garinsu, wani gida a hawa na uku, inda aka ba shi ɗaki mai taga ɗaya da kujera a baranda. Surukin mutumin kirki ne, kullum sai ya tsaya ya gaishe shi kafin ya fita, ya tambaye shi ko akwai abin da yake so. Babu. A can ba wanda ya san shi da Tela. Baban Malama suke ce masa, maƙwabta kuma su ce tsohon nan na sama. Idon ya ƙarasa tafiya a shekara ta biyu, ya rage masa bambancin rana da inuwa.

Sau ɗaya Direba ya zo, bayan shi ma ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Ya hau matakala yana haki yana zagin wanda ya gina gidan. Tun daga ƙofa ya ƙwala, "Ina telan nan marar keke?" Tela ya miƙe tsaye har yana ture kujera. Suka zauna a baranda, Direba ya kwashe labarin shago kaf ya zuba masa: wane ya yi aure, wane tari ya kama shi ya koma garinsu, mai shago ya sayi injin da ke yanka da kansa. Labari ya ƙare, motoci na wucewa a ƙasa.

"Ɗan'uwa," in ji Tela, "zan tambaye ka, kuma don Allah kada ka yi mini kara. Koren teburin nan. Da gaske ya yi?"

Direba ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Wallahi ban duba ba."

"Ba ka duba ba?"

"Tsoro na ji. Na ce in bai yi ba, da wane baki zan faɗa maka, kai kuma da wane baki za ka faɗa mata? Sai na kalli bango na ce ya yi."

Tela ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa na rawa, har hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa amfanar kowa ba." Direba ya ce ai shi tuƙi aka ɗauke shi, ba kallo ba. Malama ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ta ga fuskokinsu, ta koma ciki.

Direba ya kwana biyu ya tafi. Tela ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a barandar nan. Ya rasu cikin damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu, Malama na riƙe da kansa. Labarin bai kai shago ba sai bayan mako biyu. Mai shago ya sa aka kashe injuna, ma'aikata suka tsaya da ƙura a gira suka yi masa addu'a, rabinsu sababbi ne da ba su taɓa ganin sa ba. Daga nan aka kunna inji, domin akwai kicin ɗin da za a kai kafin la'asar.